Daga filin Langa-Langa zuwa filayen duniya: zancen zari-ruga na mutum bakwai

A cikin watan Agusta na shekarar 2016, a birnin Riyo na ƙasar Barazil, ƙasashe biyu da ba a saba jin sunansu a wasannin Olamfik ba suka sa duniya ta waiwaye su. Ranar 20 ga wata, ɗan Nijar Abdul Razak Isufu Alfaga ya samu lambar azurfa a wasan taikwando, wadda ita ce lamba ta biyu da ƙasar nan ta taɓa samu, shekara 44 bayan tagullar da ɗan dambe Isaka Dabore ya kawo daga Munik a 1972. Kwana tara kafin wannan rana kuwa, tsibiran Fiji da ke can tsakiyar tekun Fasifik sun lallasa Birtaniya da ci 43 da 7 a wasan ƙarshe na ƙwallon zari-ruga na mutum bakwai, suka ɗauki zinariya, lambar farko ke nan a duk tarihinsu. Murnar da suka yi har ta kai gwamnatinsu ta buga takardar kuɗi ta dala bakwai domin tunawa da ranar.

Akwai bambanci tsakanin nasarorin nan biyu, kuma a kansa wannan fili zai tsaya. Alfaga mutum ɗaya ne, wanda sai da ya tafi ƙasar Jamus aka ƙarasa gyara baiwar da Allah ya ba shi. Su kuwa ƴan Fiji ƙungiya ce sukutum, samarin da suka tashi a ƙauyuka da unguwannin talakawa, aka rene su a gida, aka horar da su a gida. Mutanen Fiji duka ba su cika miliyan ɗaya ba, alhali jahar Damagaram ita kaɗai, bisa ƙidayar 2012, ta haura mutum miliyan uku da rabi, ta fi kowace jaha ta Nijar yawan jama'a. Ke nan in ana zancen ƙarancin mutane ne, Damagaram ba ta da hanzari.

Da yake da yawa cikin masu karatu ba su taɓa ganin wasan ba sai a talabijin, ya kamata a ɗan bayyana shi. Ƙwallon ba zagayayye ba ne kamar na tamaula, siffar ƙwai gare shi, kuma da hannu ake ɗaukarsa a ruga. Kowane ɓangare mutum bakwai ne, a fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 70, watau kusan filin tamaula. Ana yin minti bakwai, a huta kaɗan, a sake yin minti bakwai, shi ke nan wasa ya ƙare. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ya dangwala shi ƙasa ya samu maki 5, in kuma aka buga shi da ƙafa ya bi tsakanin sanduna biyu a ƙara maki 2. Ba a miƙa wa ɗan'uwa ƙwallo ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Wanda ke riƙe da ƙwallo kaɗai ake da izinin kamawa a kayar, kuma haramun ne a kama wuya ko kai. In an yi ƙaramin kuskure, mutum uku daga kowane gefe su sunkuya su haɗa kafaɗu su yi turereniya, a jefa ƙwallo tsakaninsu. Duk wanda ya yi wasan langa yana yaro, ya ga yadda ake tare wa ruwa hanya har ya kai ga sha, ba zai daɗe yana kallo ba zai gane inda aka nufa.

Asalin wasan ma abin da zai ba ƴan kasuwa sha'awa ne. A shekarar 1883, a wani ƙaramin gari mai suna Melros cikin ƙasar Sikotlan, ƙungiyar zari-ruga ta garin ta shiga matsin kuɗi. Sai wani yaron mahauci mai suna Ned Haig ya kawo shawarar a rage ƴan wasa daga goma sha biyar zuwa bakwai, a kuma gajarta lokaci, yadda za a gayyato ƙungiyoyi da yawa su kara cikin yini guda, jama'a su biya kuɗin shiga. Dabarar mahauci ke nan ta neman cike asusu. Daga nan wasan ya bazu, birnin Honkon ya fara babbar gasarsa a 1976, aka yi kofin duniya na farko a 1993, aka kafa zagayen gasar duniya a 1999, sannan a 2009 aka amince da shigar da shi cikin Olamfik. Wasa ne da aka ƙirƙiro domin marasa hali, kuma har gobe shi ne ƙofar da ta fi sauƙin turawa ga ƙasar da ba ta da dukiya, domin mutum goma sha biyu sun isa tawaga, mota guda ta kwashe su.

To ina Damagaram ta shigo? Ta shigo ne ta filin kokowa. Tun daga 1975, lokacin mulkin Seini Kunce, da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, ƙasar nan take da wani tsari na zaɓen gwanaye wanda ƙasashe da yawa za su yi kwaɗayinsa. Bayan an gama girbi, samari su kara a dandalin ƙauye, wanda ya yi fice a kai shi gunduma, daga gunduma zuwa jaha, kowace jaha daga cikin takwas ta fid da mutum goma, a haɗa ƴan kokowa 80 su nemi takobi ɗaya. Babu wani ƙato da zai tashi a ƙasar Magarya, ko Matamai, ko Mirya, ko Gure, ko Tanut, ba a ji labarinsa ba. Sunayen da aka raɗa wa filayen kokowa sun isa shaida: Kantu a Maradi, Salma Ɗan Rani a Dosso, Langa-Langa a nan Damagaram. Kuma kowa ya san yadda alhazai ke gasar kyauta in an yi kaye mai kyau, mai ba da jika ɗari, mai ba da babur, mai ba da buhunan shinkafa, sanƙira yana shelanta sunansu rediyo na watsawa.

Sai dai tsarin yana da iyaka biyu. Ta farko, mutum goma yake ɗauka daga jaha mai miliyoyin mutane, sauran ɗaruruwan da aka kayar a hanya su koma gona ko su tafi cin rani, babu mai sake tambayarsu. Ta biyu, kokowar gargajiya ba ta cikin Olamfik. An yi ta a wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci da Yamai ta karɓi baƙunci a watan Disamba na 2005, an kuma sha yin ta tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma, inda ƴan Nijar da ƴan Senegal ke ja-in-ja, amma daga nan hanya ta ƙare. Sarkin kokowa komai shahararsa, ko da Isaka Isaka na Dosso ne da ya ɗauki takobi sau da dama, darajarsa ba ta ƙetare wannan yanki.

A nan ne wasu za su yi saurin cewa a kwashi ƴan kokowa a ba su ƙwallo, magana ta ƙare. Wannan kuskure ne, kuma gara a faɗe shi tun da wuri. Gaskiya ne ɗan kokowa ya iya kama ƙugu, ya iya sunkuyawa ya shiga ƙarƙashin abokin karawa, ba ya tsoron faɗuwa, kuma waɗannan abubuwa ne da masu horarwa a Turai ke shan wuya kafin su koya wa yaransu. Amma a kokowa, da zarar an kai mutum ƙasa zance ya ƙare, makaɗa su ɗauki kiɗa. A zari-ruga kuwa nan aiki ke farawa: wanda ya faɗi ya saki ƙwallo, wanda ya kayar ya miƙe tsaye nan take ya nemi ƙwacewa, in ba a samu ba a ruga mita hamsin a sake kamawa. Minti goma sha huɗu ne kawai, amma gudu ne na fitar rai, kuma a gasa guda ƙungiya kan yi wasa biyar ko shida cikin kwana biyu ko uku. Ƙaton da ya kai shekara ashirin da takwas, ya saba da zagaya fili a hankali yana neman makama, ba zai koyi wannan numfashi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗanda ake nema su ne ƙannensu, yara ƴan shekara goma sha biyu zuwa goma sha biyar da ke kokowa a rairayi bayan an tashi lakwal, musamman masu ƙafa, waɗanda a filin kokowa ake raina su saboda rashin nauyi.

Akwai kuma wasu samarin da ba a son ambatonsu a majalisar manya. Wanda ya kalli fim ɗin da ƴar garin nan A'isha Maki ta fitar a 2021, mai suna Zinder, ya ga matasan unguwar Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da marasa galihu, suna ɗaga ƙarfe safe da yamma a wuraren zamansu da ake kira fale, ba makaranta ba sana'a, abincinsu yana cikin haɗarin safarar man fetur daga kan iyaka. Jiki ga shi, zuciya ga ta, biyayya ga shugaba ga ta, abin da babu shi ne fili mai doka da alƙali mai usur. Ba a cewa ƙwallo zai warkar da talauci ko ya share laifi, wanda ya faɗi haka yaudara yake yi. Abin da ake cewa shi ne, Jerry Tuwai, wanda ya ɗauko wa Fiji zinariya a Riyo da Tokiyo da azurfa a Paris a 2024, a irin wannan unguwa ya tashi kusa da birnin Suva, da robar ruwa ya fara wasa don babu kuɗin ƙwallo. Abin da ya raba shi da yaron Kara-Kara shi ne shi ya tarar da ƙungiya a bakin ƙofarsa.

Sirrin Fiji ke nan, in ma sirri ne. Kusan kowane ƙauye yana da ƙungiya, kuma ana shirya ƙananan gasanni a kai a kai, ta yadda yaro kan buga wasanni masu yawa kafin wani mai zaɓe ya ɗora masa ido. Duk da haka sai da aka ƙara da tsari. Lokacin da Baturen Ingila Ben Ryan ya karɓi horon ƙungiyar a 2013, ya tarar da hukumar ba ta da kuɗi, har ya yi watanni yana aiki ba albashi. Bai koya musu wasa ba, domin sun fi shi iyawa. Abinci ya gyara, da lokacin barci, da kiyaye lokaci, ya riƙa kai su tuddan rairayi na Sigatoka suna hawa da gudu har numfashi ya zauna. Mutanen da ke da tuddan rairayi daga Gure har zuwa inda ido ya ƙare ba su da abin da za su yi wa Sigatoka hassada.

Misalin da ya fi kusa shi ne Kenya, kuma ya fi amfani saboda yana da daɗi da ɗaci. Can wasan a makarantun sakandare yake da saiwa, irin su Lenana da Maseno da Kakamega. Daga makaranta yaro ya shiga ƙungiya, ƙungiyoyin kuma da yawansu kamfanoni ke riƙe da su: bankin KCB yana da tasa, kamfanin sukari na Kabras yana da tasa. Kowace shekara ana zagaya birane da gasa, yau Nairobi, gobe Mombasa, jibi Kisumu da Nakuru, daga ciki ake tsamo ƴan ƙungiyar ƙasa. A haka aka samu irin su Collins Injera, wanda ya dangwala ƙwallo fiye da sau 270 a zagayen duniya, a haka kuma Kenya ta doke Fiji kanta da ci 30 da 7 ta ɗauki kofin Singafo a watan Afrilu na 2016. To amma sai rikicin kuɗi ya biyo baya. A gasar Paris ta 2018 ƴan wasan sun liƙe tambarin mai ɗaukar nauyinsu a kan riguna don nuna fushin rashin biyan haƙƙinsu, manyan ƴan wasa suka yi ta janyewa, har a 2023 aka fid da Kenya daga rukunin manya bayan Kanada ta doke ta a Landan. Abin da ya cece ta shi ne rijiyar ba ta ƙafe ba. Makarantu da ƙungiyoyi na nan suna aiki, aka ɗebo sababbin yara, cikin watanni kaɗan suka doke Afirka ta Kudu da ci 17 da 12 a Harare suka samu kujerar Olamfik ta Paris, a 2024 kuma suka koma cikin manya. Ma'aikacin da ke riƙe da takardun kuɗin tafiyar ƴan wasa a aljihun tebur ya kamata ya karanta wannan labari sau biyu.

Kada a ce duk wannan zancen nesa ne. Nijar tana da hukumar zari-ruga a Yamai, maƙwabciya Burkina Faso ta buga gasar Afirka ta mutum bakwai, haka ma Najeriya. Mafi muhimmanci ga Damagaram, a Kano akwai ƙungiyar Barewa, wadda ta daɗe tana tattara yara tana koya musu wasan, har wasu daga cikinsu sun sa rigar Najeriya, kuma tana karawa da ƙungiyoyin Zariya da Kaduna da Jos. Yaran Hausawa ne, abincinsu ɗaya da na nan, zafin ranarsu ɗaya, ƙasar filinsu ma tauri gare ta. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, zuwa Kano kuwa bai kai 250 ba, ta hanyar da fataken Zango suka san ta tun zamanin Sarki Tanimu. Duk wani shirin da zai jira sai Yamai ta aiko da mai horarwa da ƙwallo da abokin karawa, ya zaɓi doguwar hanya ne da gangan. Rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna cewa hanyar Kano ma tana iya toshewa, shi ya sa Maradi ta cancanci a jawo ta cikin shirin tun daga farko, a samu abokin karawa na cikin gida.

Aikin da ke kan ma'aikatan gwamnati ba mai tsada ba ne, sai dai yana son naci. Malaman wasannin motsa jiki suna nan a kolejoji da lise, har da Amadu Kuran Daga, ga kuma ɗaliban jami'ar Andre Salifu. In aka horar da goma daga cikinsu na ƴan makonni a lokacin hutu, wasan ya samu gindi. Yara ƙanana ba da kayarwa ake fara musu ba, ana ɗaura musu ƙyalle a ƙugu ne, wanda aka fizge nasa ya miƙa ƙwallo, kuma da wannan salo ƴan mata ma suna iya shiga, tun da matan Kenya sun je Riyo da Tokiyo, matan Fiji kuma sun ɗauki tagulla a Tokiyo. Ƙasar Damagaram dutse ce da tsakuwa, saboda haka kayarwa a kan rairayi za a koye ta, kuma rairayin filin Langa-Langa ya dace da wannan darasi ko da bai isa a buga wasa ba. Sai zancen lafiya, wanda ba a wasa da shi: karayar ƙashin kafaɗa da buguwar kai suna faruwa, dole a samu ma'aikacin asibiti a bakin fili, yaron da kansa ya bugu kuma a fid da shi ko da yana kuka. Sannan takardar haihuwa. Yaro nawa ne gwanaye da ba su da ita? Gasar matasa ta duniya da shekaru take aiki, kuma ƙasar da aka kama tana rage shekarun ƴan wasanta ta sayi kunyar da za ta daɗe tana biya.

Ƴan kasuwa kuma ba a roƙonsu su ƙara a kan abin da suke bayarwa, fasalin bayarwar ne ake so ya sauya. Kyautar babur a filin kokowa tana ƙarewa a daren da aka ba da ita. Kwatankwacin kuɗin, in aka raba shi wata-wata, zai riƙe ƙungiyar unguwa guda da ƙwallaye da riguna da ruwan sha da ɗan abin da mai horarwa zai sa a aljihu, sunan shagon alhaji kuma yana a ƙirjin yara kowane mako maimakon shelar dare ɗaya. Birni da tata, Zango da tata, Sabon Gari da Garin Malam da Kara-Kara kowace da tata, ga Mirya da Magarya, an samu gasar da za a riƙa bugawa cikin sanyin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwan shan nan ba ƙaramin abu ba ne a garin da kowa ya san wahalarsa in bazara ta kama.

Game da Olamfik, gara a faɗi gaskiya. Ƙungiyoyi 12 kawai aka ɗauka a Riyo da Tokiyo da Paris, gasar Afirka kuma kujera ɗaya take bayarwa kai tsaye, ga Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu a bakin ƙofa. Afirka ta Kudu kanta sai ta gasar cike gurbi a Monako ta samu shiga Paris, inda ta ɗauki tagulla. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka haifa a 2012 zai cika shekara 20 a 2032, lokacin wasannin Birisben na Ostareliya, kuma ko shi ba wanda zai yi masa alkawari. Matakin da ake iya gani da ido shi ne na farko: yara goma sha biyu da takardunsu cikakku, malami ɗaya, ma'aikacin asibiti ɗaya, mota guda ta bi ta Matamai da Daura ta sauke su Kano, su buga wasa biyar ko shida cikin kwana biyu. Mai yiwuwa a cinye su duka. Malamin ya komo da littafinsa ya rubuta a wane minti numfashin yaransa ya ƙare, sau nawa ƙwallo ya suɓuce, waye ya miƙe bayan an kayar da shi, waye kuma ya kwanta, a kan wannan littafi za a tsara horon hunturu mai zuwa.